Amsa ga mai tambaya kan falsafa da musun jari-hujja da gurguzu

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka, na kuma karanta amsoshin da aka ba ka. Ka ce a faɗa maka mece ce falsafa, sannan a raba maka gardama tsakanin jari-hujja da gurguzu, domin abokanka sun rabu gida biyu, kowa na cewa nasa ne daidai. Wani ya ce maka falsafa ƙofar fita daga addini ce, wani kuma ya ce gurguzu ya mutu tun rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, a daina tono gawa. Na daɗe ina horar da ɗalibai kan muhawara, kuma babu batun da ke sa su tayar da jijiyar wuya kamar wannan, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Falsafa ita ce ka zauna ka binciki dalilin da ke ƙarƙashin abin da ka riga ka yarda da shi. Idan abokinka ya ce zalunci ne mai masana'anta ya kwashe riba, ma'aikaci ya tashi da albashi kawai, falsafa za ta tambaye shi: mene ne zalunci? Ai ma'aikacin da kansa ya sa hannu a yarjejeniya. Idan ya ce yunwa ce ta sa shi sa hannu, sai a sake tambaya: yardar mai jin yunwa yarda ce ko tilas? Haka shi ma ɗayan, idan ya bugi ƙirji ya ce dukiyarsa guminsa ce, babu mai ikon taɓa ta, sai a ce masa: to wanda ya gada fa, gumin wa ya ci? Hanyar da kayanka suke bi zuwa kasuwa, da kotun da ke kare maka mallakarka, wa ya biya kuɗinsu? Aikin da Socrates ya riƙa yi ke nan a birnin Athens, yana tare manya yana tambayarsu ma'anar adalci da jarumta har su rasa ta cewa. Bai ƙare da su lafiya ba, an yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da raina allolin gari.

Shi kuwa wanda ya kawo batun addini, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma bai kai ta ƙarshe ba. Imam Al-Ghazali ya soki masana falsafa irin su Al-Farabi da Ibn Sina a mas'aloli ashirin, har ya kafirta a uku daga ciki. Sai dai da hujja da manɗiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, ya yi sukar, kuma shi da kansa ya rubuta littattafai kan manɗiƙi. Ibn Rushd, wanda alƙali ne a Kurɗuba ta Andalus, ya zo daga baya ya mayar masa da martani. Wannan musu na malamai ne, kuma bai hana mu tambayar wane tsarin tattalin arziki ya fi adalci ba.

Mutane biyun ma da ake jingina wa jari-hujja da gurguzu, wato Adam Smith da Karl Marx, 'yan falsafa ne kafin komai. Adam Smith farfesan falsafar ɗabi'a ne a Jami'ar Glasgow tun kafin ya fitar da littafinsa kan arzikin ƙasashe a 1776. Karl Marx kuwa digirin digirgir ɗinsa na 1841 a kan falsafar Girkawa ya yi shi. Abin da suka saɓa a kai tambaya biyu ce: wa ya kamata ya mallaki gonaki da masana'antu da bankuna, kuma wa zai yanke abin da za a samar da farashin da za a sayar. Jari-hujja ya ce ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni su mallaka, kasuwa ta yanke. Gurguzu ya ce jama'a su mallaka, wanda a aikace yawanci yakan zama gwamnati, sannan a tsara komai bisa buƙata.

Ga inda muhawarar takan lalace, kuma na ga haka ba sau ɗaya ba. Mai kare gurguzu yakan ɗauko gurguzun da ke cikin littafi, inda babu mai kwana da yunwa, ya gwada shi da jari-hujjar da ke kan titi, mai korar ma'aikata da mabarata a ƙofar banki. Mai kare jari-hujja shi ma ya ɗauko kasuwar da ke cikin littafi, inda kowa ke samun daidai ƙoƙarinsa, ya gwada ta da sansanonin azabtarwa na Stalin, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Idan ka ƙure na farko sai ya ce ai wancan ba gurguzu na gaskiya ba ne, na biyun ma ya ce ai wannan ba kasuwa ta gaskiya ba ce, gwamnati ce ta tsoma hannu. Dokar da nake kafa wa ɗalibai ita ce: littafi da littafi, tarihi da tarihi.

In aka bi tarihi, hujjar jari-hujja mafi ƙarfi tana wajen farashi. Tun a 1920 masanin tattalin arziki Ludwig von Mises ya ce idan babu kasuwa, mai tsara tattalin arziki ba shi da hanyar sanin ko ƙarfen da ke hannunsa ya fi amfani a layin dogo ko a garmar noma, domin farashi ne ke ɗauko wannan labari daga miliyoyin mutanen da ba su san juna ba. Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, amma jama'arta sun sha dogon layi don sayen kayan yau da kullum. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙauyen Xiaogang a lardin Anhui na ƙasar Sin. A ƙarshen 1978 manoma 18 suka taru a ɓoye, suka dangwala yatsa a wata takarda cewa za su raba gonar gandu gida-gida, kowa ya ba gwamnati kasonta ya riƙe saura. Har suka rubuta cewa duk wanda aka ɗaure a kan haka, sauran za su riƙe masa 'ya'ya har su kai shekara 18. Ƙasar ba ta canza ba, manoman ma su ne, amma girbin shekarar da ta biyo baya ya ninka na da. Gwamnatin Deng Xiaoping ta rungumi tsarin maimakon ta hukunta su, kuma Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara arba'in. Amma kada mai kare jari-hujja ya yi saurin tafi: jam'iyyar Kwaminis ce ke mulki har gobe, manyan bankuna na gwamnati ne, filaye kuma ba mallakar ɗaiɗaiku ba ne.

Gurguzu kuwa bai faɗo daga sama ba, masana'antun Ingila ne suka haife shi. Sai da majalisar ƙasar ta yi doka a 1833 ta hana sa yaran da ba su kai shekara tara ba aiki a masaƙu. Ka tsaya ka yi tunani, doka aka yi kafin a bar ɗan shekara bakwai ya kwana a gida. Awa takwas na aiki a rana ba kyautar masu kamfani ba ce, an zubar da jini a kanta a Chicago a 1886, kuma daga nan ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu ta samo asali. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, wanda ya haramta ayyukan 'yan gurguzu a 1878, shi ne ya kawo inshorar lafiyar ma'aikata a 1883 da fansho a 1889, don ya janye talakawa daga wurinsu. A 2008 kuma da manyan bankunan Amurka suka jefa kansu cikin rami, majalisa ta ware dala biliyan 700 na kuɗin jama'a don ceto su. Lokacin riba tasu ce su kaɗai, da asara ta zo aka tuna da talaka. Smith da kansa ya yi gargaɗin cewa da wuya 'yan sana'a ɗaya su haɗu ba su ƙulla yadda za su tsauwala wa jama'a farashi ba, amma masu ɗaga hotonsa ba su cika karanta wannan shafi ba.

Idan kuma ƙirga gawarwaki ake so, kowane ɓangare na da maƙabartarsa. Yunwar Ukraine ta 1932 zuwa 1933 a ƙarƙashin Stalin ta kashe miliyoyi, ta zamanin Mao a ƙasar Sin daga 1959 zuwa 1961 ta kashe gomman miliyoyi, domin jami'ai sun riƙa aika rahoton ƙarya na yabanya don tsoron faɗin gaskiya. A ɗaya hannun, akwai Kwango a ƙarƙashin Sarki Leopold na Beljiyam daga 1885 zuwa 1908, inda ake yanke hannuwa saboda roba, da yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 a ƙarƙashin mulkin Birtaniya wadda ta ci kusan mutum miliyan uku. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya ga ta Bengal yana yaro, ya lura cewa ba a samun gagarumar yunwa a ƙasar da ake zaɓe na gaskiya kuma jaridu ke da bakin magana. Wannan ya fi gamsar da ni fiye da duk wani kirarin akida.

Amma ko an gama da tarihi, akwai saura, kuma nan ne ainihin gonar falsafa. Alƙaluma za su iya nuna maka wane tsari ya fi samar da dukiya, ba za su iya gaya maka ko 'yanci ya fi daidaito daraja ba. Akwai wasan da nake yi da ɗalibai, na aro shi daga tunanin masanin falsafa John Rawls na 1971. Nakan ce su rubuta dokokin wata ƙasa: haraji nawa, asibiti kyauta ko na kuɗi, gado a taɓa shi ko a bar shi. Sai bayan sun sa hannu nake zagayawa da kwali, kowa ya zaro 'yar takarda a naɗe: wani ɗan attajiri, wani makaho, wata bazawara mai 'ya'ya huɗu, wani haziƙi marar ko sisi. Da suka gane haka wasan yake, a zagaye na biyu har mafi zafin 'yan kasuwa a ajin sai da ya nemi a sa asibiti da makarantar firamare cikin abin da gwamnati za ta ɗauka. Sai na juya musu da hujjar wani masanin falsafar, Robert Nozick, ta 1974: a ce an raba wa kowa dukiya daidai, sai mutum miliyan ɗaya suka zaɓi biyan senti 25 kowanne don kallon wani gwanin ɗan wasa. Ya tashi da dala 250,000, daidaito ya rushe, kuma babu wanda aka yi wa ƙwace. Za ku karɓe masa? Nan kuma 'yan gurguzun ajin ke fara sosa ƙeya.

Tunda ka nemi in faɗi inda na tsaya, ga shi. Ban yarda gwamnati ta zama ita kaɗai ce mai ɗaukar aiki ba, domin ranar da ka saɓa mata ka rasa abinci da bakin magana gaba ɗaya. Don haka na fi karkata ga kasuwa wajen samar da kaya da tsayar da farashi. Amma ban yarda a bar lafiya da ilimin yara da tsufan ma'aikaci a hannun kasuwa ba, saboda wanda ciwo ya kayar ba ya cikin halin ciniki. Ƙasashen da abokanka suke kawowa misali ma haka suke gauraye. Firaministan Denmark ya fito a 2015 ya ce ƙasarsa tattalin arzikin kasuwa take yi, ba gurguzu ba, alhali haraji a can na cikin mafi yawa a duniya. Singapore da ake yi wa kallon gidan jari-hujja, kusan kashi 80 cikin ɗari na mazaunanta a gidajen da hukuma ta gina suke zaune.

In za ku sake zama da abokan naka, ka sa kowa ya fara faɗin abin da yake nufi da sunan tsarinsa, da ƙasar da ya yarda a auna shi da ita, da shekarun da za a duba. Sannan ku yi musanya: mai gurguzu ya kare kasuwa na minti goma, mai kasuwa ya kare gurguzu, kuma ba za a ce mutum ya gama ba sai ɗaya ɓangaren ya amince cewa an faɗi hujjarsa yadda shi zai faɗe ta. Ka dawo ka gaya mana wanda ya fara kasawa.