Ɗan Yaya, kafin a sayar da gonar fadama

Saƙonka na huɗu ke nan a wata guda, kuma duk magana ɗaya ce: "Kawu, ka nemo min hanya in zo Ingila in yi irin karatunka na ƙwayoyin gado, in gano maganin karkarwar da ke damun Baffa." Na yi shiru ne don ina zaton zafin gama bautar ƙasa ne, zai huce. Sai jiya Yaya ta ce min har an fara taya gonar fadamar nan ta bakin kogi, wadda shinkafarta ke riƙe da gidanku. Wannan ya sa na zauna rubutu, kuma na sa shi a fili saboda ba kai kaɗai ba ne, daga Ringim zuwa Taura yara nawa ne suka turo min irin wannan.

Kada a sayar da gonar. Wannan karatu ba a yin sa da kuɗin gona. Digirin digirgir a fannin kimiyya, in ka cancanta, biyan ka ake yi, in kuwa aka ce ka biya da aljihunka to ba su buƙatar ka ne, kuɗinka suke buƙata. Akwai tallafin Commonwealth, akwai DAAD na Jamus. Alawus ɗin ɗalibin bincike a nan ya ɗan haura fam dubu 20 a shekara. Na san ka riga ka buga shi a naira ka yi murmushi. Haya kaɗai za ta cinye kusan rabi, kuma kafin a ba ka biza sai ka biya kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara, dunƙule, tun kana gida.

Kuɗi dai ƙaramin abu ne. Abin da ya dame ni shi ne kalmar nan "gano magani". Bari in ba ka labarin cutar Huntington, wadda na shafe shekaru ina aiki a gefenta. Cuta ce ta gado, takan bayyana mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, jiki ya riƙa fizga, tunani ya lalace, kuma duk ɗan da mai ita ya haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Nancy Wexler, wadda cutar ta kashe mahaifiyarta, ta yi shekaru tana zuwa ƙauyukan masunta na bakin tafkin Maracaibo a Venezuela tana rubuta salsalar dangi tana ɗibar jini. A 1983 aka gane cewa matsalar tana kan kuromosom na 4, ɗaya daga cikin ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a kansu. Sai 1993 aka kama ainihin ƙwayar gadon, shekara goma cur, da ɗakunan bincike da yawa sun haɗa kai. Abin da aka tarar kuwa haruffa uku ne na DNA, C da A da G, suna maimaita kansu fiye da kima. In maimaicin ya kai 40, cutar za ta zo. Yau fiye da shekara 30 da sanin wannan, kuma har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Mun san ɓarawon, mun san gidansu, amma kayan ba su dawo ba.

Inda aka dace ma, duba farashin. Akwai cutar da ke shanye tsokar jarirai saboda lalacewar ƙwayar gado mai suna SMN1. An gano ƙwayar a 1995, maganin farko ya samu amincewa a 2016, sannan a 2019 aka fitar da Zolgensma, allura guda, a kan dala miliyan 2.1. Ka faɗa min wa zai saya a Garki ko Babura.

Ranakun aikin kuwa ba abin da kake gani a hoto ba ne. Farar riga gaskiya ce, amma yawanci ɗiga ruwan da ido da ƙyar yake gani kake yi daga wannan ɗan bututu zuwa wancan, sau ɗari. Ƙwayoyin halittar da kake reno a faranti ba su san Juma'a ba, ba su san Sallah ba. Na taɓa yin Babbar Sallah ni kaɗai a ɗakin gwaji ina canza musu ruwan abinci, ina jin ku a waya kuna rigimar kan rago. Wani dare kuma firizar da ke ajiye samfurori a sanyin 80 ƙasa da sifiri ta mutu, ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, aikin wata goma sha huɗu ya narke. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Bayan digirin ma ba hutu, kwantiragin shekara biyu ko uku ake ba ka, ya ƙare ka nemi wani, bizarka tana rataye da shi. Na sauya gari sau uku kafin in samu kujerar da zan kira tawa. Na same ta kuwa, da gumina, yaron da ya yi firamare a ƙarƙashin darbejiya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abin da ya fi yi min ciwo ban taɓa gaya wa Yaya ba. Akwai wani gida a yankinmu, yara uku ƙafafunsu suka sandare tun suna ƙanana, iyayen auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙani. Mutane suna cewa iska ce. Ni na je, na gai da mai gari, na zauna a zaure na yi bayani da Hausa har suka yarda, na rubuta dangin har kakanni huɗu daga bakin wata tsohuwa. Shekara biyu ina bin DNA ɗinsu har muka kama harafin da ya sauya. Da takardar ta fito a mujalla, sunana na shida, maigidan ɗakin gwajin da bai taɓa taka Najeriya ba shi ke yawon taro yana cewa "iyalinmu na Afirka". Wannan na haɗiye. Wanda ban iya haɗiyewa ba, duk zuwan da na yi gida sai uban yaran ya zo da ƙwaryar ƙwan zabi ya ce, "Likita, yaya maganar maganin?" Ni ba likita ba ne, kuma abin da kawai nake da shi in ba shi sunan cutar ne da shawara kan auren sauran 'ya'yansa.

Duk da haka ba cewa nake ka haƙura ba. Mafi yawan mutanen da aka yi nazarin ƙwayoyin gadonsu a duniya Turawa ne, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin gado. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar Parkinson, mai sa karkarwa, ga 'yan asalin Afirka, abin da ba a gani ba a Turawa. Da jinin 'yan Najeriya aka gano shi. A Kano ma, a asibitin Malam Aminu Kano, an yi aiki mai kyau kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda aka ga yana cikin haɗari a sa shi kan maganin hydroxyurea. Ka san da wannan? In ba ka sani ba, Dutse zuwa Kano ba ta kai a nemi biza ba.

Ka yi digiri na biyu a BUK ko wani wuri da za ka taɓa na'urar PCR, mai kwafin DNA ta ninka shi, da hannunka. Ka koyi lissafin ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta, R ko Python, don haruffan DNA na mutum ɗaya biliyan 3 ne, ba a karanta su da ido. Ka daina tura wa farfesoshi wasiƙa iri ɗaya mai farawa da kirari, ba sa karantawa. Ka karanta aikin mutum, ka yi masa tambaya guda mai ma'ana.

Batun Baffa kuma, kada ya jira ka shekara goma. Ku kai shi Kano wajen likitan jijiya a duba ko Parkinson ce, don ba kowace karkarwa ba ce ita. In ita ce, akwai levodopa, ba ya warkarwa amma yana sassauta jiki sosai. Kuɗin mota da na magani ni zan turo ranar Litinin. Ka haɗo min da sakamakon digirinka gaba ɗaya, har da kwas ɗin da ka faɗi, don Yaya ta riga ta gaya min akwai.