Mahaifina bai harbi kowa ba, me ya sa kotun soja ta kama shi?

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ta aiko da tambaya: "Barista, mahaifinmu babban hafsan soja ne. Yaransa sun kashe fararen hula a wani ƙauye a fagen daga, shi kuwa yana hedikwata. Kotun soja ta rage masa girma. Ina mafita?"

Malama, Allah ya kawo sauƙi, ya kuma jiƙan waɗanda aka kashe.

Maganar "ba ya wurin" ba ta wanke kwamanda. A dokar yaƙi, shugaba yana ɗaukar alhakin abin da na ƙasa da shi suka aikata idan ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, amma bai hana ba, bai hukunta ba, bai kai rahoto sama ba. Haka sashe na 28 na Yarjejeniyar Rome, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ya tanada, kuma Najeriya ta amince da ita tun 2001. Dubi Manjo Janar Samuel Koster na Amurka. Sojojin rundunarsa ne suka kashe ɗaruruwan mutanen ƙauyen My Lai a Biyetnam ranar 16 ga Maris, 1968, har da mata da yara. Ba a ce shi ya harba ba. An ma janye tuhumar da aka yi masa, amma saboda bai yi binciken gaskiya ba, a 1971 aka mayar da shi Birgediya Janar, aka karɓe masa lambar yabo.

Saboda haka abin da zan fara tambayar Baba shi ne: da labarin ya iso teburinsa, me ya yi? Ya tura saƙo sama? Ya kafa kwamitin bincike? Ya tsare wani? Ko takarda ɗaya mai kwanan wata da sa hannunsa ta fi shaidar baki goma.

Hukuncin kotun soja ba ya zama na ƙarshe sai hukumar da ke da ikon tabbatarwa ta tabbatar da shi. Kafin nan, dokar sojoji ta ba shi damar rubuta mata ƙorafi, a soke ko a sassauta. Idan ta tabbatar, sashe na 240 na Kundin Tsarin Mulki ya buɗe ƙofar Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli. Wa'adin gajere ne ƙwarai, kada ku tsaya neman alfarma wurin manya lokaci ya wuce. Lauya zai duba ko an kafa kotun bisa ƙa'ida, ko an bar shi ya kāre kansa kamar yadda sashe na 36 na Kundin ya ce.

Akwai afuwar Shugaban Ƙasa a sashe na 175, amma ita roƙo ce, ba haƙƙi ba.

Ku sani kuma iyalan mamatan suna da damar neman diyya a kotu, ko kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kada wani daga gidanku ya tuntuɓi shaidu. A makon nan ku nemi cikakken kwafin zaman kotun, ku kai wa lauyan da ya saba da shari'ar soja.