Hukuncin Turi da Karanta Littattafan Mutane a YouTube Ba da Izininsu Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne, ina da ɗan teburi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano inda nake turi, wato tura wa mutane kaya a wayoyinsu su biya ni: waƙoƙi, fina-finai, wa'azi, karatun Alƙur'ani da littattafai. Kwanakin baya na buɗe tasha a YouTube, ƙanwata tana karanta littattafan Hausa ina ɗorawa, har an fara biyana. Sai wata marubuciya ta kira ni ta ce in sauke littafinta ko ta kai ƙarata hukumar kare haƙƙin mallaka, wai akwai sabuwar doka. Ni kuwa da kuɗina na sayi littafin a WhatsApp. Abokaina sun ce dokar Turawa ce, ilimi na Allah ne, ɓoye shi ma haramun ne. Malam, mene ne hukuncin sana'ata? Kuma dole ne in bi wannan doka?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Marubuciyar nan tana da gaskiya. Ɗora littafinta a tasharka kana cin kuɗi da shi ba da yardarta ba haramun ne, kuma da gwamnati ba ta taɓa yin doka a kai ba ma, hukuncin yana nan. Ka sauke shi yau.

Tushen mas'alar shi ne: amfanin abin da mutum ya wahala ya rubuta, dukiya ne ko ba dukiya ba? A mazhabarmu ta Malikiyya, haka ma Shafi'iyya da Hambaliyya, amfanin abu dukiya ne kamar yadda shi abin kansa yake dukiya. Da wannan ne ake karɓar kuɗin haya, da shi ake biyan lada a kan aiki. Magabatan Hanafiyya ne suka saɓa a nan. Imamu Shaɗibi a cikin Muwafaƙat ya ce dukiya ita ce abin da mallaka take hawa kansa, mai shi ya keɓanta da shi ban da waninsa, matuƙar ya same shi ta hanyarsa. Bai sa sharaɗin sai abin da hannu zai taɓa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da mace ga wani sahabi a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad. Ya kuma ce mafi cancantar abin da za ku karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah, Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas. Idan koyarwa ta tsaya a matsayin sadaki, ashe wahalar ƙwaƙwalwa tana da ƙima a Shari'a. Abin da yake da ƙima kuwa ya shiga cikin faɗin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 29, cewa kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna sai dai ya zama fatauci ne bisa yardar juna. Ya kuma shiga hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Za ka ce to me ya sa magabatan malamai ba su yi wa wannan babi ba? Saboda a zamaninsu babu cutar. Ɗalibi a Madabo, tsohuwar unguwar malamai ta Kano, idan yana son littafi, sai ya ara ya zauna da tawada da alƙalami wata da watanni yana kwafa. Wahalarsa ya ci, mawallafi bai rasa komai ba, sai ma ya samu mai yaɗa masa. Yau kai da danna yatsa ɗaya kana ba mutum dubu littafin da wata ta yi shekara tana rubutawa, waɗanda da su ne za su saya a wurinta. Hali ya sauya, al'adar mutane ta ba wannan haƙƙi farashi, ana saye ana sayarwa ana gado. Ƙa'ida kuma ita ce al'ada abar hukunci ce da ita matuƙar ba ta ci karo da nassi ba. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a zamanta na 5 a Kuwait, cikin Disambar 1988, a ƙuduri mai lamba 43: haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci da tambarinsa mallakar masu su ne, Shari'a ta kare su, bai halatta a keta su ba. Akwai malaman zamani da suka saɓa wa wannan, kuma hujjarsu ita ce ta abokanka, don haka ba zan wuce ta da sauri ba.

Sun dogara da aya ta 159 a Suratul Baƙara da ta la'anci masu ɓoye abin da Allah ya saukar na hujjoji da shiriya, da hadisin Abu Dawuda da Tirmizi cewa wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta ranar Alƙiyama. Har a cikin mazhabarmu suna da abin riƙo, domin Imamu Malik ya karhanta sayar da littattafan fiƙihu, Shehu Halilu ma ya kawo haka a littafinsa Muhtasar, a babin ijara, wato haya da aikin lada. Amma malaman mazhaba sun bayyana cewa tsoron ƙarancin masu neman ilimi ne ya kawo karhancin, kuma Muhammadu ɗan Abdul Hakam ya ba da labarin an sayar da littattafan Ibnu Wahab, almajirin Imamu Malik, a kan dinari 300, malaman Malikiyya suna nan da yawa ba wanda ya yi inkari. A kan halaccin sayar da littattafai ne aiki ya gudana har zuwa masu littattafai na Kasuwar Kurmi. Wanda ya rubuta littafi ya buga ya kai kasuwa ya sa masa farashi, yaɗa ilimi ya yi. Mai ɓoyewa shi ne wanda jahili ya zo masa yana tambayar yadda zai yi salla ko ya raba gado, babu wani mai amsawa sai shi, ya ƙi. Sannan ɗana, littafin da ake rigima a kai labari ne na nishaɗi. Ba ya cikin hujjoji da shiriyar da ayar take magana a kansu, ba kuma don Allah ka ɗora shi ba, don kuɗin talla ka ɗora.

Maganarka cewa da kuɗinka ka saya, gaskiya ce, amma kwafe ɗaya ka saya don ka karanta. Da na takarda ne, kana iya ara wa maƙwabci, ka bayar kyauta, ko ka sayar da shi ɗin nan da yake hannunka. Izinin ninka shi ka raba wa duniya ciniki ne daban mai farashi daban, kuma ba ku yi shi ba. Galibin marubutanmu ma suna rubutawa a farkon littafi cewa ba su yarda a fitar ko a karanta a wata tasha ba, Annabi kuwa ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ko ba ta rubuta ba, kowa a harkar ya san haka ake yi, abin da aka sani a al'ada kuma kamar wanda aka sharɗanta ne. Na san da yawa daga cikin matan nan a ɗakunan aurensu suke rubutu a waya, da ɗan abin da masu karatu suke turowa suke sayen sabulu da biyan kuɗin makarantar yara. Abin yana ci mini rai in ga an mayar da guminsu ganima.

Yanzu ga dokar. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 a watan Maris na 2023, ta maye gurbin wadda asalinta dokar soja ce ta 1988, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce take kula da ita. A ƙarƙashinta haƙƙin littafi yana nan tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, na fim da na sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Ba sai an yi rajista haƙƙin yake tabbata ba. Ta ba mai haƙƙi damar aika takardar neman a sauke kayansa daga intanet, wanda shi ne abin da ya shafe ka kai tsaye. Ta kuma bar ƙofofi a buɗe: ba ta mallaka wa kowa ra'ayi ko ma'ana ba, sai zubin da ya yi musu, ta yarda da ɗauko wani sashe don nazari da bincike da sharhi da ba da labari bisa adalci, ta kuma sauƙaƙa mayar da littafi yadda makafi za su amfana da shi.

Bin ta wajibi ne, domin ta tabbatar da haƙƙin da Shari'a ta riga ta sani, kuma shugaba yana da ikon tsara irin wannan don maslaha, Allah kuma ya yi umarni da yi wa majiɓinta al'amari ɗa'a a cikin abin da ba saɓo ba. Zuwan tsarin daga Turai bai ɓata shi ba. Sayyidina Umar ya ɗauki tsarin diwani, wato rajistar sunayen masu karɓar rabo daga baitulmali, daga waɗanda ba Musulmi ba da ya ga amfaninsa. Horon wanda ya keta ta kuwa ta'aziri ne da ramuwar asara gwargwadon ganin alƙali, babu haddin sata a ciki saboda sharuɗɗansa ba su cika ba. Ina kuma tuna wa hukuma cewa ikonta a ɗaure yake da maslaha. Ba adalci ba ne a tasa ƙeyar yaro mai teburi a bar mai injin da yake buga dubban kwafe na jabu, ko a hukunta mutane da dokar da ba a bayyana musu da Hausa a rediyo da kasuwanni ba. Duk wanda ya san hada-hadar kaset da faifai a Ƙofar Wambai a da ya san satar fasaha tana cikin abubuwan da suka karya ta.

Sauran kayan teburinka ba hukuncinsu ɗaya ba. Alƙur'ani da hadisi ba mallakar kowa ba ne. Karatu da wa'azin da malamai suke yi a masallatai da wuraren tafsiri, abin da aka sani shi ne suna so a yaɗa, don haka ka tura, kuɗin da kake karɓa ladan aikinka ne da na'urarka, halal ne. Sai in wani malami ko wanda ya ɗauki nauyin naɗar ya fito ya hana, to ka tsaya. Abin da na fi ji maka tsoro a nan shi ne yanko maganar malami a cire farkonta da ƙarshenta har ta ba da ma'anar da bai nufa ba. Wannan ƙarya ce aka yi masa, zunubinta ya fi na kuɗi.

Littattafan magabata irin su Ahalari da Iziyya da Risala, da wallafe-wallafen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, matanin su na al'umma ne. Amma wanda ya fassara su zuwa Hausa a yau, ko ya yi tahƙiƙi ya gwada rubuce-rubucen hannu ya sa ta'aliƙi, wannan sabuwar wahala ce, tana da mai ita. Ɗalibin da littafi ya zame masa dole, ya nema bai samu a kasuwa ba ko kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, ina ganin babu laifi ya yi fotokwafin abin da yake buƙata don karatun kansa. Wannan rangwame na mabuƙaci ne, bai kai ga wanda zai mayar da shi haja ba. A kowane hali kuma cire sunan mawallafi a sa na wani haramun ne ko da ya yafe kuɗinsa, domin Annabi ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafin ƙarya biyu ne.

Waƙoƙi da fina-finai kuwa, wanda abin da yake ciki halal ne sai da izinin mai shi ko wakilinsa. Wanda yake ɗauke da batsa, turinsa haramun ne ko da izini. Kada wani ya ce maka tunda abin saɓo ne ba shi da alfarma sai a kwashe, domin mai yaɗa shi ya yi tarayya a zunubin. Kayan wanda ba Musulmi ba ma haka, dukiyarsa a kare take.

Abin da ya rage shi ne kuɗin da ka riga ka ci. Tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika da istigfari kaɗai. Ka kira baiwar Allah nan da ladabi, ka gaya mata gaskiyar abin da littafinta ya kawo maka, ku yi sulhu a kan wani kaso ko ta yafe da daɗin rai. Haka za ka yi da sauran marubutan da ke tasharka, wanda ka nema iyakar ƙoƙarinka ba ka samu ba sai ka ƙiyasta haƙƙinsa ka yi sadaka da shi a madadinsa. Ita ma ƙanwarka ka sanar da ita, domin da muryarta aka yi aikin. Ban ce ka rufe tashar ba. Ka nemi marubutan ku ƙulla yarjejeniya, ko ka sayi izinin karantawa da farashi sananne, ko ku raba abin da ya shigo bisa kaso sananne, ku rubuta ku sa shaidu, a bayyana wane littafi ne da tsawon lokacin da izinin zai ɗauka.

Allah ne mafi sani.