Malam, ka ajiye makar nan ka koma fensir

Malam, da na karanta tambayarka sai da na yi dariya ni kaɗai, irin wadda ta fi kuka ciwo. Ka ce ka rubuta sunayen shukokinka da maka, wato alƙalamin tawadar nan mai kaurin baki, a jikin 'yan robobi, ko wata biyu ba a yi ba rubutun ya ɓace, yanzu kana neman abin rubutun da zai daɗe, da yadda za ka wanke tsofaffin ka sake mora. Ciwon da na yi jinya ke nan, sai ka yi haƙuri da surutuna.

Makar da ake cewa ba ta gogewa, ruwa ne ba ya iya mata, amma rana tana iya mata sarai. Tawadarta rini ce, hasken rana kuwa kashe rini yake yi, baƙin ya koɗe ya yi ja-ja, wata safiya ka tarar da roba fara tas. Bakin fensir ba rini ba ne, ma'adini ne ɗan uwan gawayi, rana ba ta da ta cewa a kansa. Ka nemi mai 2B a jiki, ya fi HB laushi da baƙi. Idan robar mai santsi ce fensir yana zamewa, ka ɗan goga mata samfefa tukuna.

Ni kam ba rana ce ta fi cutata ba, mutum ne. Shekara uku da suka wuce na yi renon tumatir iri 6 a leda, wajen guda 240. A cikinsu akwai wanda na yi shekara huɗu ina zaɓensa da hannuna, duk kaka sai na ware uwar da ta fi jure zafi na ɗebi irinta. Tafiya ta kama ni ta kwana biyar, na bar wa abokin da muke haɗa lambun, ban ruwa kawai na roƙe shi. Na dawo da yamma, ko jaka ban ajiye ba na leƙa wurin reno. Babu alama ko ɗaya a cikin leda. Can gefe ga bokiti, ga robobina an wanke su fes, an jera su kamar haƙora. Ledojin ma ya sassake musu wuri, wai ya ga sun yi cunkoso. Na tsuguna ina jujjuya ganye, ina shinshinawa kamar zan ji sunan a hanci. Tsiron tumatir mai sati uku, kai ma ka sani, ko wanda ya shuka shi ba ya rantsuwa a kansa.

Da na yi masa magana, ka san abin da ya ce? "Ai tumatir tumatir ne." Wallahi da ya ce in yi haƙuri da tuni na manta. Har yau bai ce ba. Kuma da suka fara 'ya'ya shi ne mai tambayata wanne ne mai jure zafin nan, yana son iri. Na gane wasu daga siffar 'ya'yan, amma biyu sun yi kama sosai, na kasa yarda da kowanne, wahalar shekara huɗu ta bi ruwa. Muna gaisawa dai. Lambu kuwa kowa ya kama nasa.

Tun daga nan ban ƙara dogara da alama ɗaya ba. Kowane kwami ina kafa guda a sama, in tura wata cikin ƙasa a gefen kudu, kullum a gefe ɗaya don kada in yi ta tono. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa rana ba ta ganinsa, mai shisshigi ma ba ya ganinsa. Sannan ina da littafi da na zana lambun a ciki, layi na kaza iri kaza, da ranar shuka. Ranar nan kada ka raina ta, ita ke gaya maka lokacin dashe. Ka kuma ɗauki hoto da waya ranar da ka kafa su.

Batun wanki. Fensir abin goge fensir ya ishe shi. Ragowar maka sifirit a auduga yana ɗauke ta. Ruwan cire fentin farce ya fi ƙarfi, sai dai yana narkar da wasu robobin su yi danƙo, ka gwada a guda ɗaya tukuna. Amma goge rubutu daban, kashe cuta daban. Ka taɓa ganin tsiro ya fito lafiya, bayan kwana kaɗan gindinsa ya sirance ya kife? Cutar na iya zama a busasshiyar ƙasar da ta manne a tsohuwar alama ko tsohuwar tukunya. Ka fara wanke ƙasar da sabulu, ka ɗauraye, sannan ka jiƙa su a bilic, mudu ɗaya nasa tara na ruwa, kamar minti 10 zuwa 30, ka sake ɗaurayewa ka shanya. Don Allah kada ka haɗa bilic da sifirit ko wani ruwan wanki, iskar da ke tashi guba ce. Robar da ka lanƙwasa ta ce ƙas, rana ta gama da ita, ka tattara ta daga lambun kafin ta farfashe a cikin ƙasa.

Alamun itace ban cika so ba, suna shan ruwa tawada ta baje, gindin ya ruɓe kafin shekara ta zagayo.

Af, idan kana da barkono, ka nisanta mai yaji da marar yaji in har za ka ajiye iri. Ƙudan zuma suna haɗa su, kuma ba a wannan shekarar za ka gani ba, sai a 'ya'yan irin da ka shuka baɗi. Alama tana cewa tattasai, baki yana cewa wani abu dabam. Wannan ma ya same ni, sai dai babu wanda zan ɗora wa.

Bishiyoyi kuma, musamman waɗanda aka yi wa aure, wato aka haɗa reshen wata a jikin wata, da za ka jira shekara uku ko huɗu kafin ka ga ɗa, fensir ma ban yarda da shi ba. Ina yanka gwangwanin lemo, in shimfiɗa shi a kan kwali, in danna sunan da biron da tawadarsa ta ƙare. Rubutun ya zama zane a jikin ƙarfe, babu abin da zai koɗe. Ka lanƙwashe bakinsa, yana yanka, ga tabo nan a babban yatsana. Kuma ka saki wayar da za ka ɗaure shi da ita, ka riƙa dubawa duk shekara, don na taɓa tarar da waya ta nutse cikin reshen mangwaro har saman ya bushe. Shi wannan gwangwanin kada ka jiƙa shi a bilic, yana cin sa.

Ka turo hoton robobin naka mu gani. Ka karkata su a hasken rana da sassafe kafin ka wanke, wani lokaci inuwar tsohon rubutun tana nan, ka samu ka kwafe sunayen.