Tambaya da Amsa: Hitar banɗakina tana yoyo, gyara zan yi ko sabuwa?

TAMBAYA: Salam, don Allah ina neman shawara, hitar ruwan zafi ce a banɗakinmu mai cin lita 50, ta fi shekara goma, yanzu ruwa na ɗiga daga ƙasanta kuma ruwan zafin yana fitowa ja-ja, wani lokacin ma idan na taɓa kan famfo sai in ji kamar wuta ta ɗan ja ni. Mai gyara ya ce a kai wa mai walda a Sabon Gari. Ga hunturu ya shigo, yara ba sa yarda da wankan ruwan sanyi da asuba. Daga wata uwargida a Gyallesu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai ki kashe ta daga wajen sauya wuta tun yau, kada kowa ya sake wanka tana kunne. Jan da kike ji ba ƙaramin abu ba ne, yawanci elemen ɗin ciki, ƙarfen da ke dumama ruwan, shi ne ya fashe wuta take bi ta ruwa, kuma alama ce wayar da ya kamata ta kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa babu ita ko ta tsinke.

Maganar yoyo kuwa sai an duba daga ina yake fita. Akwai ɗan bawul a jikin bututun ruwan sanyi, idan shi ne yake ɗiga kaɗan lokacin da ruwa ke zafi to aikinsa yake yi, ruwa yana kumbura in ya yi zafi dole ya samu mafita, kuma don Allah kar a bar wani ya toshe shi wai yana jiƙa bango, haka tanki ke fashewa. In robar bakin elemen ce ta mutu, canzawa ake yi, ba tsada. Amma jan ruwan nan da shekarun da ta yi sun sa ina zargin cikin tankin ne ya ci tsatsa, to wannan walda ba ta maganinsa, an liƙe nan gobe can ya ɓule, gara ki haƙura ki sayi sabuwa.

Abin da ke kashe irin waɗannan hitoci shi ne akwai wani sandan magnesiyam a ciki da tsatsa ke ci a madadin tankin, in ya ƙare sai ta koma kan ƙarfen, kuma masu gyaranmu da yawa ba sa ma ambatonsa. A sabuwar ki sa a riƙa duba shi duk shekara ɗaya ko biyu, a zubar da ruwan a wanke lakar da ta kwanta, musamman ku masu ruwan burtsatse.

Zafin ki bar shi wajen digiri 60, ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa, sama da haka kuma ƙuna ga yara da ɓarnar kati. Lita 50 da elemen mai wat 1500 tana ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi, yunit biyu da ɗoriya na wuta kenan, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. In ta cika nauyinta ya haura kilo 60, a ɗaura ta da ƙusoshi masu ƙwari. Kuma ranar da tankin sama ya ƙafe kar a kunna, elemen ba ruwa nan take yake ƙonewa.