An sallami Inna daga asibiti, yanzu wa zai kama mana jinyar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gwari a Mile 12 amma a Agege nake zaune. Mahaifiyata ta zo daga gida ganin jikoki, sati biyu da zuwanta ta faɗi a banɗaki, aka ce hawan jini ne ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki, gefen dama, maganarta ma ba ta fita sosai. Mun yi kwana 16 a wani asibiti aka sallame mu da ledar magani aka ce mu dawo bayan sati huɗu. Tun daga nan mai ɗakina ce ke yin komai, wanka, juyawa, ba da abinci, ga yara uku, wallahi ta rame kuma ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta gaji ba. Ni kuma tun kafin asuba nake fita. Wasu na cewa in ɗauko nas, wasu na cewa in maida Inna gida. Wai Hajiya babu wani tsari ne a Legas da ke taimakon mara lafiya da mai jinyarsa bayan an bar asibiti?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, ya mai jiki, Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ne. Kafin komai ka gaida min da mai ɗakinka, don ni a tambayar taka marasa lafiya biyu na gani, ɗaya tana kwance ɗaya tana tsaye da bokiti a hannu, kuma zan dawo kanta.

Tsari akwai shi amma ba irin wanda zai biyo ka gida ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. A Ingila misali akwai tsarin da in an sallami mai irin wannan ciwo, ayarin ma'aikata ne ke bin sa gida, likitan gashi, nas, mai koyar da magana, su yi ta zuwa na wasu makonni, kuma gwamnati na ba wanda ya ajiye aikinsa yana jinya ɗan alawus. A jihar Kerala ta Indiya kuma ƴan unguwa ne ake horarwa su sa kai suna zagaya gidajen marasa lafiya na kwance tare da nas. Mu a nan namu an gina shi ne a kan asibiti, kai ke zuwa wurinsa, kuma tun kana kan gado ma ai ka gani, dangi ne ke sayo magani su kai jini dakin gwaji su kwana a baranda. Wato dama can mai jinya ma'aikaci ne a tsarin, albashi ne kawai babu. Ana sallama sai aikin gaba ɗaya ya dawo kansa.

To amma akwai abinda za ka iya haɗawa da kanka, in ka fahimci yadda aka jera asibitocin. Hawa uku ne. Na ƙasa shi ne ƙaramin asibitin unguwa, wanda mu ke ce wa sha-ka-tafi, a takardu kuma PHC, shi ne marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dage a kai lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Na tsakiya manyan asibitocin jiha ne irin na Orile Agege da Ifako-Ijaiye da Gbagada. Na sama kuma asibitocin koyarwa, LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi Araba. Kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne a ɗauka tunda ciwon babba ne to komai ma sai a babban wuri, sai ka ga an ɗauko tsohuwa daga Agege an yi shatar mota an shiga gosulo awa biyu an bi layi tun safe, don kawai a auna jini a sake rubuta maganin da take sha. Sau biyu za a yi haka aljihu ya gaji, na uku a ce bari dai sai wani satin, daga nan zuwan ya mutu, magani ya ƙare, wata shida a sake jin ta faɗi. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Awon jini duk sati, awon suga, wankin gyambo, duk aikin ƙaramin asibitin da ke bayan layinku ne. Ganin likita na wata-wata da gashi a babban asibitin da ya fi kusa. Na koyarwa kuma sai ranar da suka ba ku, ko in an tura ku da takarda.

Abinda ke ɗinke waɗannan hawa ukun ba kwamfuta ba ce, fayil ɗin Inna na can ba zai san da na nan ba. Littafi ne na naira kaɗan irin na ƴan makaranta. A rubuta sunan kowane magani da lokacin shan sa, awon jinin kowace rana da aka auna, ranar da ta yi zazzaɓi, ranar da ta ƙi cin abinci, a liƙa takardar sallama a bangon farko. Duk inda za a je da shi za a je. Likitan da ke da mutum hamsin a bakin ƙofa, in ka miƙa masa littafin nan ka rage masa rabin aiki kuma kai ma ba za a ce ka sake gwajin da ka riga ka biya ba. In da hali ka sayi na'urar awon jini ta batir a ajiye a gida, yaron da ke sakandare ma zai iya koya.

Sai batun sallamar da aka yi muku. Ni a ganina sallama ba ledar magani ba ce, miƙa aiki ne, kuma ba a miƙa wa mutum aikin da ba a koya masa ba. Tunda ba a yi ba, ranar da za ku koma ka tafi da mai ɗakinka, ka hakura da kasuwa ranar, ku ce wa nas ko likitan gashi don Allah a nuna muku yadda ake juya ta da yadda ake tayar da ita zaune, sannan ku yi a gabansu su gyara muku. Kar ku tsaya a "to, to, mun gane". Kuma ku je da wanda ke jin Turanci ko buroka sosai ya yi tafinta, don Inna ba Yarabanci ba Turanci ga harshe ya yi nauyi, ita ma tana da hakkin ta san me ake cewa a kanta. A manyan asibitoci akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, ana ce musu soshal wofeya, da yawa daga mutanenmu har su gama jinya ba su san da su ba, su ne ake zama da su a kan matsalar kuɗi da yanayin gida.

Kafin ranar ga abinda ba zai jira ba. A riƙa juya ta kamar duk awa biyu, a duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya, in an ga wuri ya yi ja bai washe ba to gyambon kwanciya ne ke sallama, kuma shi in ya buɗe jinyarsa ta fi ta shanyewar cin kuɗi. Kar a ja ta ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Kar a ba ta abinci a kwance, a zaunar da ita sosai, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya, in tana ƙwarewa ko tari duk lokacin cin abinci a faɗa wa likita da wuri don abincin na iya bi ta huhu ya zama nimoniya. Sannan kalmar gashi ɗin nan tana ruɗin mutane, da an ce gashi sai a ɗora ruwan zafi a samo tawul. Gefen da ya shanye ba lallai ya ji zafi ba, na taɓa karɓar wani dattijo da aka ƙona masa cinya da gashin ƙauna bai ko motsa ba. Gashin asibiti yawanci motsa gaɓoɓi ne da koyon zama da tsayuwa da taku, kuma watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi karɓa, shi yasa ba na son a ɓata su. Addu'a da tofi a yi ta yi, ba su hana shan magani, abinda ba na so shi ne a ce shafar iska ce a ajiye maganin hawan jini.

Yanzu mai ɗakinka. Malam ka ce ba ta taɓa cewa ta gaji ba, to ta ina za ta faɗa? Uwar miji ce fa. Ko bayanta zai karye ba za ta buɗe baki ba don kar a ce ta ƙi uwar mijinta, kuma a gida da kishiyoyin sauri da ƙannen miji da maƙwabta za su karɓe ta, a Legas kuwa ɗaki ne da falo kowa na ta kansa. Mai jinyar da ba ta barci ita ce ke mance magani, ita ce ke faɗuwa tare da mara lafiya a banɗaki, ita ce watarana za ka ji ta yi wa yaro tsawar da ba halinta ba. Saboda haka kar ka tambaye ta ko ta gaji, ka raba aikin kawai. Juyin dare ka ɗauki ko sau ɗaya kafin ka fita, ranar da ba kasuwa sosai ka karɓe ta ta yi barcin rana. Ka kira ƴan uwanka, Inna ba kai kaɗai ta haifa ba, wata ƙanwa ko ƴar uwa ta zo ta yi wata biyu wata ta canje ta, wanda ba zai iya zuwa ba ya san kuɗin pampas ko na gashi a wuyansa yake duk wata, a faɗi adadi a fili, don "za mu ga abinda Allah zai hore" ba ya sayen pampas. Ita ma duk ranar da aka je auna Inna a auna nata jinin. Agege kuwa ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe, akwai matan Islamiyya akwai ƴan garinku, in dubiya za su zo a ce musu zaman awa biyu a gefen Inna ya fi lemo da ayaba amfani.

Batun ɗauko nas, in aljihu zai ɗauka ba laifi, amma ba lallai sai mai kwana ba. Yawancin aikin yini ba na nas ba ne, na mai haƙuri ne da aka koya wa. Abinda ya fi muku amfani shi ne likitan gashi ko nas da zai riƙa leƙowa sau ɗaya ko biyu a sati ya duba ya gyara muku hannu. Sai dai a kula, ba duk mai farar riga ne nas ba, ka nemi ganin lasisi, in kuma ta wani kamfani ko asibitin kuɗi ne ka tambaya ko suna da rajista da HEFAMAA, hukumar jihar Legas da ke sa ido kan wuraren kiwon lafiya. Mai kemis kuma ya tsaya a sayar da abinda likita ya rubuta, kar ya canja mata magani don wai wannan ya fi ƙarfi.

Kuɗi kuma, a Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abinda ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, shi yasa ciwo ɗaya ke cinye jarin shekara goma. A 2022 an sa hannu a dokar NHIA wadda ta ce inshorar lafiya dole ce ga kowa, Legas kuma na da nata mai suna Ilera Eko a ƙarƙashin hukumar LASHMA, ilera ɗin lafiya kenan da Yarabanci, Eko kuwa shi ne Ikkon da kakanninmu ke faɗa. Ana biya ne a zaɓi asibitin da za a riƙa zuwa, kuma ba sai ma'aikacin gwamnati ba, ɗan kasuwa ma na shiga. Ka ɗauke shi kamar adashi. Kafin ka biya ka faɗa musu shekarun Inna da ciwonta, ka tambaye su baki da baki ko maganin hawan jininta da gashi suna cikin abinda za su ɗauka, sannan ka sa mai ɗakinka da yaran a ciki.

Maida ita gida kuwa ban ce a'a ba, sau da yawa tsoho ya fi samun sauƙi a ɗakinsa cikin mutanensa, yana jin kiran sallar masallacin da ya saba. Amma ba yanzu-yanzu a saka ta a mota kwana da yini a zaune ba, kuma ba don a huta ba. Ka bari likita ya ce jinin ya daidaita za ta iya tafiyar, ka san sunan wadda za ta yi jinyar a can ba "ai akwai mutane" ba, ka san asibitin da za a ci gaba da gashi da nisan sa daga ƙauyen, a karɓi takardar turawa, littafin nan ya bi ta. In a can babu gashi kusa to gara ta cinye watannin farkon nan a Legas tukuna.

In kuma, Allah ya kiyaye, kuka ga baki ya sake karkacewa, ko ɗaya hannun ya saki, ko magana ta ɗauke gaba ɗaya, ko tana barcin da ba a iya tada ita, kar a tsaya jiran ka dawo daga kasuwa kuma kar a ɗura mata komai a baki. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara don likita zai tambaya, a kira 112 ko 767 na agajin gaggawa na Legas, ko a samu mota nan take zuwa babban asibiti. Ka rubuta lambobin a bangon littafin, ka sa wa mai ɗakinka a wayarta yau ɗin nan.