Me ya kai mai shan jini ɗan shekara ɗari ajin sakandare?

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa Edward, mai shan jinin nan na fim ɗin Twilight, wanda ya haura shekara ɗari, yake zaman aji da yara, da abin da ya gani a wurin Bella, yarinyar da yake so, har ya jefa danginsa cikin haɗari.

Ni ma da na fara kallonsa a Agege na ɗauka giɓi ne a labarin, wato wurin da bai haɗu ba, sai da na sayi littafin a wurin masu tsofaffin littattafai a Yaba. Littafin ya fito a 2005, fim ɗin a 2008, kuma a littafin Bella ce ke ba da labari da bakinta, don haka da aka taƙaita shi zuwa sa'o'i biyu, yawancin tunaninta da dogayen hirarrakinsu sun zube. Edward ya daina tsufa a 1918 yana ɗan shekara 17, kuma idan danginsa suka sauka a gari a matsayin ɗalibai, sukan daɗe kafin maƙwabta su lura fuskokinsu ba sa canzawa. Wannan hujjar, a ganina, ba ta da ƙwari sosai. Bella kuwa, ita kaɗai ce ya kasa karanta tunaninta.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna shi da mayen gida mai kama kurwa, ko kuma da finafinan da rana ke ƙona mai shan jini, alhali a nan fatarsa ƙyalli take yi, shi ya sa suka zaɓi garin Forks mai yawan hadari. Giɓi na gaskiya sai labari ya karya dokar da ya kafa da kansa. Idan nazarin makaranta kike yi, ki tuntuɓi malamin adabi ko marubucin fim ya duba misalanki.